AWS, Azure, Google ko masu tsayayyen farashi: wane gajimare ya dace da mai aiki daga Damagaram?

Duk wanda ya taɓa ajiye saba a ofis a Damagaram, wato kwamfutar da ke riƙe manhaja da bayanan ma'aikata dare da rana, ya san abokan gabanta uku: ɗaukewar kuran, zafin Afrilu da Mayu, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar injin. Layin wutar da ke ciyar da mu da Maraɗi daga Katsina yake shigowa, kuma da Najeriya ta yanke shi a watan Agusta 2023, sai a Maris 2024 ya dawo. Wanda sabarsa take cikin ofis a wancan lokaci, gazuwal ya ci masa riba. Shi ya sa makarantu masu zaman kansu, farmasi, ƙungiyoyin agaji da matasa masu rubuta manhaja suke komawa hayar saba a gajimare, inda wani kamfani ke kula da wuta da sanyi da tsaro, kai kuma kana biyan haya.

Matsalar ita ce yawancin shawarwarin da ake samu an rubuta su ne don mai katin banki na Turai da intanet marar yankewa. A nan lissafin daban ne.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma shi ne ya fi kayar da mutane, hanyar biya. Babu ko ɗaya cikin kamfanonin nan da ke karɓar kuɗi ta Nita ko Al Izza ko asusun kuɗi na waya. Katin Visa ko Mastercard suke so, wanda bankinka ya buɗe masa sayayya ta intanet zuwa ƙasar waje. Microsoft da Google sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa ba sa karɓar katin da ake lodawa kuɗi tun gaba, alhali shi ne katin da ya fi sauƙin samu a wurinmu. Ga yadda abin yake faruwa: ka cika fom, ka sa lambar kati, shafin ya ce banki zai turo lambar tabbatarwa ta saƙon waya. Kana riƙe da wayar, daƙiƙu suna tafiya, saƙon bai iso ba sai bayan lokacin ya ƙare. Ka sake, ka sake, a karo na uku na'urar kamfanin ta ɗauke ka ɗan damfara ta rufe asusun. Maganinsa, kafin ka fara rajista ka je banki ka tabbatar da abu uku: an buɗe wa katin biya ta intanet, lambar wayar da ke rubuce a banki ita ce a hannunka, kuma iyakar kuɗin da katin ke iya fitarwa a wata ta ishe ka. Suna da adireshin da za ka rubuta su zama daidai da na banki, harafi da harafi. Kada ka kunna VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake, lokacin rajista.

Na biyu, da wane kuɗi ake lissafi. Sefa a ɗaure take da yuro: yuro 1 sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Dalar Amurka kuwa (ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba) hawa da sauka take yi. Wanda ke biya da yuro ya san abin da zai fitar a Janairu ya san na Disamba, sai ɗan ladan da banki ke cirewa. Ga mai tsara kasafin shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A lissafin da ke ƙasa an ɗauki dala 1 a kan sefa 600 don sauƙi.

Na uku, yadda faktir ke zuwa: tsayayye ne kowane wata, ko kuwa kamar mitar NIGELEC, gwargwadon abin da ka sha? Na huɗu, nisa. Na biyar, sauƙin aiki da samun taimako da Faransanci. Na shida, haɗarin rasa bayanai ko rasa asusun gaba ɗaya.

Batun nisa yana son ƙarin bayani, don a nan ake yawan kuskure. Mutum ya ga an rubuta yankin Afirka a jerin wuraren da kamfani ke ajiye injunansa, ya zaɓi Johannesburg ko Cape Town yana ganin ya matso kusa. Amma intanet ɗinmu ta waya mai gilashi take sauka zuwa bakin teku, daga can igiyoyin ƙarƙashin ruwa su kai ta Turai. Sau da yawa hanyar Paris ko Frankfurt ta fi ta Afirka ta Kudu gajarta, kuma ta fi araha. Kada ka yarda da taswira, ka gwada. Ka buɗe ƙaramar saba a kowane wuri na awa ɗaya, ka yi mata ping da mtr (umarnin da ke auna jinkirin hanya) ta layin Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecom, da hantsi da kuma bayan isha'i lokacin da rezo ke cunkushewa. Jinkirin da bai kai milisakan 150 ba, mai amfani da shafi ba zai ji shi ba. In ya haura 300, ko rubutu ta SSH, hanyar sarrafa saba daga nesa, sai ka ga haruffa suna bin ka a baya. Abin da ya fi jinkiri muni shi ne zubewar saƙonni a hanya, kuma mtr zai nuna maka inda suke zubewa.

AWS

Na Amazon ne, tun 2006 yake, kuma ya fi kowa yawan kayan aiki. Yana da yanki a Paris tun ƙarshen 2017, da Cape Town tun Afrilu 2020, da ƙaramin reshe a Legas tun 2023. Wajen ƙarko ba a cewa komai, sai dai shi ma yana faɗuwa: ranar 20 ga Oktoba 2025 matsala a yankinsa na gabashin Amurka ta tsayar da manhajoji da dama a duniya na awanni.

Inda yake cizo shi ne faktir. Ƙaramar saba ta EC2 (sabobin haya na AWS) mai ƙwaƙwalwar giga 2, in ka haɗa kuɗin injin, kuɗin faifai, da kuɗin adireshin IPv4, wato lambar saba a intanet, da aka fara caja tun Fabrairu 2024 (dala 0.005 a awa, wajen dala 3.6 a wata), za ta haura dala 20, wato sama da jika 12. Sannan ga kuɗin fitar bayanai. Giga 100 na farko a wata kyauta ne, bayan haka wajen dala 0.09 kowane giga daga Turai, dala 0.154 daga Cape Town. Mu ɗauki makarantar da ke ɗora bidiyon darussa, ɗalibai suna sauke giga 500 a wata. Giga 400 ne za a caja: dala 36 daga Paris, kusan sefa 21,600, daga Cape Town dala 61 da ɗoriya, kusan sefa 37,000. Wannan fa ban da kuɗin sabar kanta. Kuma in ka kashe saba ba ka goge faifanta ba, kuɗin faifan yana ci gaba da tafiya.

Haɗari mafi girma shi ne makullin shiga, wato lambar sirri da ke buɗe asusunka. Matashi ya rubuta manhaja, ya manta makullin AWS a cikinta, ya ɗora a buɗe a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Akwai na'urori da aikinsu kawai neman irin wannan. Cikin ɗan lokaci za su buɗe manyan injuna da sunanka suna haƙar kuɗin intanet, faktir ɗin kuma naka ne. Ƙararrawar AWS Budgets tana sanar da kai ne kawai in ba ka haɗa mata wani mataki ba, ba ta rufe famfo da kanta. Don haka ranar farko: kunna tabbatarwa mai mataki biyu, daina aiki da babban asusu, sa ƙararrawa a dala 5 da dala 20.

Akwai ƙofar da mutane ba sa lura da ita, Lightsail. AWS ne amma da tsayayyen farashi: dala 12 a wata kan giga 2 na ƙwaƙwalwa, faifai giga 60, da tera 3 (tera ɗaya giga dubu ne) na zirga-zirgar bayanai, kuma akwai shi a Paris. Ga wanda dole sai sunan Amazon, nan ya kamata ya fara. Tun Yuli 2025 kuma tsarin gwajin kyauta ya sauya: sabon asusu yana samun kyautar da za ta iya kai dala 200, na tsawon wata shida.

Microsoft Azure

Ƙarfinsa a wuri ɗaya yake: ma'aikatar da ta riga ta zauna a kan Windows Server, SQL Server da Microsoft 365. Irin wannan, asusun ma'aikata ɗaya zai buɗe musu komai. Yana da yanki a Paris, da Johannesburg da Cape Town tun Maris 2019, kuma shafin sarrafawarsa yana da Faransanci. Farashi da kuɗin fitar bayanai sun yi kusa da na AWS.

Tarkonsa sananne ne. In ka kashe injin daga cikin Windows ko Linux, kuɗi bai tsaya ba. Sai ka tsayar da shi daga shafin Azure har ya nuna an saki injin. Gwajin kyauta dala 200 ne na kwana 30, kwana talatin kuma ba su isa koyo ba ga mai fama da rezo. Abin yabo biyu ne. Azure for Students yana ba ɗalibi dala 100 na shekara ba tare da katin banki ba, in yana da adireshin imel na makarantar da tsarin ya gane. Ɗaliban Jami'ar André Salifou su gwada wannan kafin su je neman aron kati. Ƙungiyoyin agaji masu rajista kuma suna iya neman tallafin shekara-shekara na Microsoft.

Google Cloud

Dala 300 na kwana 90 yake bayarwa don gwaji, ya fi sauran yalwa. Yana da Paris tun 2022 da Johannesburg tun Janairu 2024. Ƙaramar sabarsa ta kyauta, e2-micro, a yankuna uku na Amurka kawai ake samunta, don haka ta koyo ce, ba ta yi wa jama'ar Damagaram aiki ba.

Dalilin da zai sa mutumin nan ya zaɓi Google shi ne Firebase, kayan aikinsa na gina manhajar waya. Ma'ajiyarsa Firestore tana barin manhajar waya ta ci gaba da aiki ba rezo, ta ajiye abin da aka shigar, in rezo ya dawo ta tura da kanta. Ma'aikacin da ke tattara bayanai a ƙauyukan Tanut ko Gure ya san darajar wannan. Sai dai ana caja ne bisa yawan karantawa da rubutawa, kuma manhajar da aka rubuta da sakaci, mai sake karanta dukan jeri duk lokacin da aka buɗe shafi, tana iya ninka faktir cikin dare ɗaya. Fita daga Firebase zuwa wani wuri kuma kusan sake rubuta manhaja ne.

DigitalOcean

Shi ne mafi sauƙin fahimta. A wata, dala 6 kan giga 1 na ƙwaƙwalwa da tera 1 na zirga-zirga, dala 12 kan giga 2 da tera 2, dala 24 kan giga 4. In ka wuce iyaka, dala 0.01 ne kowane giga. Makarantar nan mai giga 500 ba za ta ƙara ko dala ba. Ba shi da cibiya a Afirka. Frankfurt, Amsterdam ko Landan za ka zaɓa. Darussansa na koyon Linux suna da kyau ƙwarai, amma yawancinsu da Ingilishi. Kwafin ajiya na mako-mako yana ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin saba. Kashe saba ba ya tsayar da caji, sai an goge ta. Kuma yana toshe ƙofofin aika imel kai tsaye, don haka manhajar da ke tura saƙo ga iyayen yara sai ta bi ta wani kamfanin aika imel.

OVHcloud

Kamfanin Faransa ne na garin Roubaix, da cibiyoyi a Gravelines da Strasbourg. Ga ma'aikacin da ya yi karatu da Faransanci, komai a harshensa yake: shafi, takardu, da masu amsa koke. Ƙananan sabobinsa na VPS (kaso daga cikin babban inji) suna farawa daga yuro kaɗan a wata, ba a ƙirga maka gigan da ya fita, kuma kariya daga harin cunkoso, inda ake antayo wa saba buƙatu har ta tsaya, tana cikin farashi. Amsar koke a matakin kyauta takan yi nawa, wannan a san da shi.

Ba a maganar OVHcloud a tsallake daren 10 ga Maris 2021, lokacin da gobara ta cinye cibiyarsa SBG2 a Strasbourg ta taɓa wani ɓangare na SBG1. Waɗanda suka ajiye kwafin bayanansu a wuri ɗaya da sabar, da sabar da kwafin duk suka tafi. Wannan ba na kamfani ɗaya ba ne: a Mayu 2024 kuskuren saiti a Google Cloud ya goge ma'ajiyar asusun fansho na UniSuper a Ostareliya, kuma kwafin da suke da shi a wajen wani kamfani ya taimaka wajen dawo da su.

Hetzner

Na Jamus ne, da cibiyoyi a Nuremberg, Falkenstein da Helsinki. A kuɗin da DigitalOcean ke ba ka giga 1, a nan kana iya samun giga 4 da tera 20 na zirga-zirga, kuma da yuro. A araha ba shi da na biyu cikin waɗannan. Wahalarsa a bakin ƙofa take: yana tsananta bincike, yakan nemi hoton fasfo ko katin shaida, kuma yakan ƙi sabon asusu ba tare da dogon bayani ba. Ba ya wasa da jinkirin biya. Ba shi da Faransanci, kuma ba zai kula maka da ma'ajiyar bayanai ba. Injin kawai zai ba ka, sauran aikin hannunka ne.

| Kamfani | Ƙaramar saba a wata | Kuɗin lissafi | Fitar bayanai | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| AWS EC2 | sama da dala 20 (giga 2) | dala | giga 100 kyauta, sai caji | mai wuya | faktir na bazata |
| AWS Lightsail | dala 12 (giga 2) | dala | tera 3 a ciki | mai sauƙi | ƙarancin zaɓi |
| Azure | dala 15 zuwa 25 (giga 2) | ya danganta da asusu | giga 100 kyauta, sai caji | matsakaici | ƙin kati, injin da ba a saki ba |
| Google Cloud | dala 15 zuwa 25 (giga 2) | yawanci dala | ana caja | matsakaici | ƙin kati, wuyar fita |
| DigitalOcean | dala 12 (giga 2) | dala | tera 2 a ciki | mafi sauƙi | hawan dala |
| OVHcloud VPS | ƙasa da yuro 10 | yuro | ba a ƙirgawa | mai sauƙi | jinkirin taimako |
| Hetzner | ƙasa da yuro 10 (giga 4) | yuro | tera 20 a Turai | matsakaici | ƙin rajista |

Farashi yana sauyawa, a duba shafin kamfani ranar saye, a kuma lura ko da haraji aka rubuta shi ko babu.

Abin da gajimare ba ya magancewa

Sabarka tana Paris lafiya lau, amma in rezo ya yanke a Damagaram, ba ka da ita. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsalar intanet. Don haka wurin da aiki ba ya jira, kamar kantin magani ko teburin karɓar kuɗi, yana bukatar manhajar da ke aiki a kwamfutar cikin gida tana tura kwafi sama, da layukan waya biyu na kamfanoni daban. Mai kula da saba kuma ya saba da tmux ko mosh, manhajojin da ke riƙe aiki ko layi ya yanke, don kada yankewar rezo ta katse sabunta manhaja a tsakiya ta bar injin a lalace.

Kwafin ajiya ya zama a wajen kamfani na biyu. Tsari mai sauƙi: kowane dare pg_dump ko mysqldump ya fitar da bayanai, a kulle su da kalmar sirri, a tura ma'ajiyar wani kamfani. S3, ma'ajiyar fayil ta AWS, wajen dala 0.023 ne kowane giga a wata, giga 20 bai kai sefa 300 ba. Sau ɗaya a wata a sauke kwafi a faifan hannu a ofis, sau ɗaya a wata uku a gwada dawo da shi a sabuwar saba. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko yana aiki ba.

Sai abin da ke ba mu takaici ƙwarai, don ya fi gobara yawan hallaka bayanai: asusun da aka buɗe da imel da katin ma'aikaci ɗaya, ko na ɗan'uwa da ke ƙasar waje. Ya bar aiki, ko katin ya ƙare, saƙonnin gargaɗi suna shiga akwatin da ba mai buɗewa, kamfani ya dakatar da asusu, daga baya ya goge. A buɗe asusu da imel na ma'aikata, mutum biyu su riƙe hanyar shiga, a rubuta ranar ƙarewar kati a inda akanta zai gani. Wanda zai ɗora bayanan marasa lafiya, ɗalibai ko ma'aikata a sabar ƙasar waje kuma, ya tuna Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta a 2022, kuma hukumar HAPDP a Yamai ce ke kula da ita. A nemi bayaninta kafin a ɗora, ba bayan an ɗora ba.

Wa ya dace da wanne

Makaranta, farmasi, gidan rediyo ko ɗan kasuwar da ke son shafi da manhajar lissafi, masu amfani ba su wuce ɗaruruwa ba: OVHcloud, saboda yuro da Faransanci da faktir marar motsi. Mafi yawan masu tambaya a garin nan cikin wannan rukuni suke, kuma ba su da abin nema a EC2. In akwai ma'aikacin da ya iya Linux sosai kuma rajista ta karɓu, Hetzner zai ba da injin da ya fi ƙarfi a kuɗi ɗaya, musamman ga masu bidiyo da sauti.

Mai koyo da ke jin Ingilishi, ko mai rubuta wa mutane manhaja yana son buɗe saba cikin minti biyar: DigitalOcean ko Lightsail. Ɗalibin da ba shi da kati: Azure for Students. Wanda ke neman aiki a manyan kamfanoni ko ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa ya koyi AWS ko Azure, don su ake tambaya a takardar neman aiki, amma da ƙararrawar kuɗi a kunne da goge komai bayan kowane darasi.

Ƙungiyar agaji da ke kan Microsoft 365, ko wadda mai ba ta kuɗi ya gindaya sharaɗin takardun tsaro: Azure, a yankin Paris sai in gwajin ping ya nuna akasin haka. Manhajar waya ta aikin karkara: Firebase, tare da fitar da kwafin bayanai kowane mako zuwa wani wuri. Asibiti ko kantin da ba ya iya tsayawa ko na awa ɗaya: ƙaramar kwamfuta a cikin gida da batir da hasken rana, gajimare kuma ya riƙe kwafin dare, a kan VPS na yuro 5, wato sefa 3,280 a wata.